Amsoshin Tambayoyinku: Shawara Ce Ko Umarni?

Wani mai sauraronmu ɗan Kankia da ke karatu a Ingila ya ce malaminsa ya rubuta masa game da rubutunsa: "Ƙila za ka so ka sake duba babi na biyu." Shawara ce ko umarni?

Malam, umarni ne. Malamin jami'a a Ingila yakan lulluɓe gyara da ladabi. In ya ce ra'ayinka "yana da ban sha'awa", sau da yawa bai gamsu ba ne. Ai ka san irinsa a gida: dattijo a Kusada in ya ce "to, a dai duba", ya ƙi ke nan. Ka gyara babin tukuna, sannan ka sami malamin naka a ofis ka tambaye shi takamaimai inda hujjarka ta yi rauni.