Dalilin da Ya Sa Wuƙaƙen Daji Ke Kama da Juna

Darasinmu na wannan karo a kan wuƙa ne, irin wadda mutum ke ratayawa in zai kwana a daji. Mun ɗauko misalinmu daga ƙasar Guri, gabas da Haɗeja, cikin Jihar Jigawa, inda Kogin Haɗeja ke malala cikin fadamu da damina. Can masunta da makiyaya da manoman shinkafa sukan yi kwanaki nesa da gida. Wanda wuƙarsa ta karye a irin wannan wuri, ga taru ya sarƙe, ga kifi na jiran gyara, ba kuwa maƙeri kusa, lalle ya sha wahala.

In muka tara wuƙaƙen waɗannan mutane muka jera bisa tabarma, wata ƙirar Bahaushe, wata ta Bamange, wata ta Babade, sai mu ga kamar uwa ɗaya ta haife su. Mene ne dalili? Mun ga dalilai uku.

Na farko shi ne aiki. Wuƙar daji ita ce ta yankan igiya, ita ce ta fiƙe sanda, ita ce ta fiɗa, ita ce ta farke kifi. In ta cika tsawo ba ta juyuwa cikin cikin kifi, in ta cika gajarta ba ta datse reshe. Saboda haka tsawonta yakan tsaya wajen taƙi guda ko ƙasa da haka, ban da ƙota. Bayanta ya yi kauri domin ƙarfi, bakinta ya sirance domin kaifi, ta kuma yi tsini domin huda. Ƙotar kuwa hannun ɗan Adam ne ma'auninta, hannun kuwa iri ɗaya ne ko ina. Maƙeri mai hankali yakan sa ta ɗan kumbura, don kada ta suɓuce wa jiƙaƙƙen hannu.

Na biyu shi ne ƙarfe. A da, tama ake haƙowa a narka. Da jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, ya kai Nguru cikin 1930, sai tsofaffin ƙarafa suka yawaita, narkar tama ta yi ta ja da baya. Yanzu maƙera sun fi son sifirin mota, domin akwai ɗan rabon gawayi cikin jikinsa, shi ne kuwa ke sa ƙarfe ya karɓi tauri. Ana zuga shi ya yi ja, a buge shi da masaba bisa uwar maƙera, sa'an nan a tsoma shi cikin ruwa ko mai. In an bar shi haka nan ya yi tauri ƙwarai, amma yana saurin karyewa, sai an sake ɗumama shi kaɗan ya sassauta. Wannan hali na ƙarfe bai san ƙabila ba. Maƙeran ƙasar Nepal ma da sifirin mota suke ƙera babbar wuƙarsu da ake kira kukri.

Na uku shi ne gado da koyi. Ɗan maƙeri yana tashi bisa zuga-zugi, yana kallon hannun ubansa. In ya kai kaya kasuwa ya ga ta wani ta fi tasa tafiya, sai ya dubi inda ta fi, ya ɗauka. Fasalin da ya ba mai shi kunya a daji ba a komawa sayensa, sai ya mutu. Da haka shekaru suka tace, abin da ya yi saura shi muke gani.

Haka al'amarin yake a ƙasashen Turawa. A garin Mora na ƙasar Suwidin an kafa ma'aikatar wuƙa cikin 1891, wuƙaƙensu na daji kuwa kaifinsu wajen inci 4 ne. Cikin 1942 sojan Amurka suka ɗauki wadda aka sani da Ka-Bar, mai inci 7. Ita an sa mata ɗan ƙarfe a gicciye tsakanin ƙota da kaifi don tsare yatsu, domin har da yaƙi aka nufe ta. Ban da wannan, in aka aza su kusa da ta Guri, fasalin ɗaya ne: ƙarfe guda wanda ba ya naɗewa, da baya mai kauri, da tsini, da kube. Inda suka rabu shi ne ado, watau zanen ƙota da aikin dukawa bisa kuben.

Amma fa mu yi hattara, kama da wane ba wane ba ne. Ana iya kwaikwayon siffa, a ha'inci ƙarfe. In za mu sayi wuƙa, mu duba abu uku. Shin wutsiyar ƙarfen ta shiga ƙota da nisa, ko kuwa iyakarta baki? Wadda ta ratsa ƙotar duka ta fi aminci. Shin in an goga magagari a bakinta yana santsi, ko yana cinta kamar sabulu? Mai ciwuwa da sauƙi ba ta riƙe kaifi. Shin kuben ya kama ta, ba ta zubewa in an kifa shi?

Ɗalibanmu da za su fita koyarwa, muna roƙonku kada ku raina maƙerin ƙauye don kun ga ta kanti tana walƙiya. Ku kai yara maƙera, su auna wuƙaƙen maƙera uku da ma'aunin inci, su zana su cikin littafi, su faɗi inda suka yi daidai da inda suka saɓa, da dalili. Allah ya sa mu amfana.