Amsoshin Tambayoyinku: Mashigin Kuseri a Lokacin Yaƙi

Wani mai sauraronmu daga Maiduguri yana tambaya: wace rawa mashigin Kuseri ya taka a yaƙe-yaƙen zamanin Turawa?

To malam, Kuseri tana bakin kogin Logon, daf da inda yake haɗuwa da Shari, tana fuskantar Injamena, wadda a da ake kira Fort Lami. A nan sojojin Faransa suka kashe mayaƙin nan Rabe a ranar 22 ga Afrilu 1900, kwamandansu Lami shi ma ya rasa ransa. Daga baya garin ya koma hannun Jamus, har Faransawa suka ƙwace shi a Satumbar 1914.

Amma a Yaƙin Duniya na Biyu ne mashigin ya ga aiki. A Agustan 1940 gwamnan Chadi, Félix Éboué, ya bi bayan Janar de Gaulle, Fort Lami ta zama sansanin kwamandansa Leclerc, wanda ya ci Kufra a Libiya cikin Maris 1941. Chadi ba ta da teku, ba ta da layin dogo. Daga cikin man fetur da makamai akwai waɗanda sukan biyo Binuwai zuwa Garwa in ruwa ya cika, ko su taso ta Jos da Maiduguri a manyan motoci. Duk wannan doguwar tafiya kuma, in an iso gaɓa, dole a ja layi a jira jirgin fito. Jamusawa sun san darajar wurin, shi ya sa jirginsu ya jefa bam a rumbun man Fort Lami a Janairun 1942.

Gadar Ngeli da ta haɗa Kuseri da Injamena ba ta samu ba sai 1985.