Yadda Ake Renon Gajeren Wardi a Tukunya da Ƙaramin Lambu

Sau da yawa akan ga hakimi ya sa an kawo dashen furanni an jera a ƙofar ofishin gunduma, ko makaranta, ko ɗakin shan magani, sa'ad da ake jiran wani babban baƙo. Baƙo ya zo ya tafi, kafin watan Afrilu ya ƙare sai a tarar babu abin da ya rage sai tukwane da busassun tsinkaye. An yi hasarar kuɗi, an yi hasarar ruwa, talakawa kuwa sun ƙara tabbatar wa kansu cewa renon fure aikin marasa abin yi ne. Wardi ya fi kowane fure shan wannan wulaƙanci, domin shi aka fi sha'awa, shi ne kuma aka fi jahiltar halinsa. To, akwai wani irinsa gajere wanda ya dace da wurin da fili ya yi kaɗan, ruwa kuma sai an ɗebo a ka.

Shi gajeren wardi tsawonsa daga inci 6 ne zuwa inci 24, furensa kuwa bai cika wuce faɗin inci ɗaya da rabi ba. Asalinsa daga ƙasar Sin ne. Wajen shekarar 1917 wani mutum mai suna Roulet ya ga irinsa a cikin tukunya a bakin tagar wani gida a wani ƙauye na ƙasar Suwizalan, aka sa masa suna Rouletii, wani mai sayar da dashe a Janiba, Henri Correvon, ya fara yaɗa shi. Daga wannan tsiro ne Jan de Vink na ƙasar Holan ya fitar da wani iri wanda aka sayar a Amurka a 1936 da sunan Tom Thumb. Daga baya Ralph Moore na Kalifoniya, wanda ya mutu a 2009 yana da shekara 102, ya fitar da ɗaruruwan iri, masu ja da fari da rawaya da ruwan hoda. Amma fa kada a ruɗe shi da wardin Ɗa'ifa, wanda alhazai ke kawo turarensa, wanda kuma ake gauraya ruwansa da Zamzam wajen wanke Ka'aba. Wancan dogo ne, mai ƙamshi ƙwarai. Yawancin gajerun ƙamshinsu kaɗan ne, don kallo ake renonsu.

Wardi ɗan ƙasar sanyi ne. Saboda haka ya fi jin daɗi a Jos, inda tsayin ƙasa ya kai kamar ƙafa 4,000 daga teku. A Zariya da Kano yakan yi, in an kula. A Sakkwato da Katsina da Barno, inda zafin bazara kan wuce digiri 40, sai da dabara. Amfanin tukunya ke nan, watau ana iya ɗauke ta daga rana a kai ta inuwa, abin da ba ya yiwuwa ga wanda aka dasa a ƙasa.

Tukunyar ƙasa ta magina ta fi kowane mazubi. Dalili kuwa shi ne dalilin da ya sa ruwan randa yake sanyi: jikinta yana tsatsafowa, iska tana busar da shi, cikin yana hucewa, saiwa ba ta ƙuna. Garwa da gwangwani da baƙin bokitin roba suna ɗaukar zafi har su dafa saiwa da tsakar rana. In babu makawa sai da su, a ajiye su inda rana ba ta dukan jikinsu. Zurfin tukunya ya kai inci 10 zuwa 12, faɗin bakinta ma haka. Lalle ne a huda gindinta wuri 3 ko 4, a ɗora tsingaro a kan hujin don kada ƙasa ta toshe shi. Tukunyar da ba ta da huji kabarin wardi ce, domin saiwarsa ba ta jure kwanciyar ruwa.

Wajen ƙasa, a haɗa kashi 2 na baƙar ƙasar lambu, da kashi 1 na yashin rafi, da kashi 1 na takin shanu wanda ya shekara ya ruɓe sarai har warinsa ya tafi. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kuma kiran gara. Lakar fadama ita kaɗai takan daskare kamar tubali in ta bushe, jigawa kuwa ba ta riƙe ruwa. Kada a zuba toka. Mutane da yawa sun ɗauka tun da tana amfani a gona za ta amfani wardi, alhali shi ya fi son ƙasa mai ɗan tsami kaɗan, toka kuwa halin kanwa gare ta. In ta yi yawa sai sababbin ganye su yi rawaya, jijiyoyinsu kaɗai su zauna kore.

Wurin da ya fi kyau shi ne gabashin gini, inda hantsi zai same shi kamar awa 5 ko 6, inuwa ta rufe shi daga azahar. A ɗora tukunya a kan duwatsu ko bulo uku, don ruwa ya tsiyaye, gara kuma kada ta samu hanyar shiga ta huji. Wanda zai dasa a ƙasa, ya tada kwami kaɗan, ya bar ƙafa ɗaya tsakanin tsiro da tsiro. Shinge kuwa tilas ne, gama akuya ba ta san ƙaya ba, cikin ɗan lokaci za ta cinye aikin shekara.

Ban ruwa shi ne inda yawancin masu reno ke faɗuwa. Da hunturu sau ɗaya da safe ya isa, wani lokaci ma sai bayan kwana biyu. Da bazara sai safe da yamma. Ma'auninsa yatsa ne: a tsoma shi inci ɗaya cikin ƙasa, in an ji laima a ƙyale. In za a ba shi, a zuba a gindi har ya fito ta huji. Yayyafi kaɗan-kaɗan yana tara gishirin ruwan rijiya a cikin tukunya, har a ga farin abu ya fito a bakinta, gefen ganye kuma ya ƙone. Buta ɗaya takan ishi tukunya ɗaya, watau garwa guda ta shayar da tukwane kamar 10. Ya kamata hakimi ya yi wannan lissafi tun kafin a kawo dashe. A garin da mata ke kwana a bakin rijiya da bazara, bai dace a ga tukwane arba'in suna shan ruwa a ƙofar ofis ba. Huɗu masu rai sun fi su kwarjini. Ruwan alwala da aka tara a kasko ya wadatar da su, muddin ba a sa sabulu ko omo a ciki ba. Haka kuma kada a bar faranti mai ruwa a ƙarƙashin tukunya, domin a cikin irin wannan kwantaccen ruwa sauro ke ƙyanƙyasa, ba shi da kyau ofishin da ke yi wa jama'a gargaɗin tsabta ya zama shi ke kiwonsa.

Abokan gabansa suna bin yanayi. Da damina baƙin tabo ke fitowa a ganye, ganyen ya yi rawaya ya zube. Maganinsa shi ne a tsince waɗanda suka kamu a ƙone, a raba tukwane don iska ta ratsa. Darɓa takan taru a kan sabon toho, ruwan da aka jiƙa dakakkun 'ya'yan dogon yaro ya kwana yana korarta. Wanda ya fi ɓarna shi ne wani ƙwaro dangin gizo-gizo, ƙanƙane ƙwarai har ido ba ya ganinsa sosai, wanda ke zama a bayan ganye lokacin zafi da ƙura. Alamarsa ita ce ganye ya dushe ya yi ɗigo-ɗigo, a ga siririyar yana. A riƙa wanke bayan ganyen da ruwa da sassafe, sau 2 ko 3 a mako.

In damina ta ɗauke, wajen Oktoba, sai a yi masa aski da wuƙa mai kaifi ko almakashi: a cire matattun rassa, a rage sauran da kashi ɗaya bisa uku. Bayan mako 6 zuwa 8 zai cika da fure, daidai lokacin sanyi, sa'ad da launinsa ya fi kyau. Duk furen da ya yi yaushi a yanke shi daga saman ganye mai 'ya'ya biyar, sabo zai fito. Cokalin shayi ɗaya na takin zamani a wata ya isa kowace tukunya, a barbaɗa nesa da kara bayan an ba da ruwa. A daina da bazara. Bayan shekara 2 a sake masa ƙasa.

Ba sai an yi ta sayen dashe ba, gama gajeren wardi yana kamawa daga reshe. A yanki reshen da ya gama fure, mai tsawon inci 4, a cire ganyen ƙasa, a kafa rabinsa cikin yashi mai laima a inuwa, a kifa masa kwalba. Cikin mako 4 zuwa 6 yakan yi saiwa. Ta haka tukunya ɗaya ta ofis za ta haifi na makaranta da na gidajen dagatai.

Aikin magatakarda a nan shi ne ya damƙa tukwanen ga mutum ɗaya sananne, masinja ko mai gadi, ya rubuta sunansa a littafi tare da ranar dashe da ranar aski da ranar taki. Ya kuma rubuta sunan wanda zai maye gurbinsa ranar Jumma'a, da ranakun hutun Salla, da duk ranar da aka aike shi ƙauye.