Kafin Ku Sayi Sabuwar Kyamara

Darasinmu na wannan makon na masu sha'awar ɗaukar hoto ne. Sau da yawa mukan ji ɗalibi yana cewa wayarsa ce ba ta da kyau, sai an sayo masa mai megafiksel da yawa. Kafin a matsa wa iyaye, bari mu yi lissafi.

Mene ne megafiksel?

Kowane hoto tarin ƙananan ɗigo ne, kuma ɗigo miliyan ɗaya shi ne megafiksel ɗaya. Wanke hoto mai inci 4 da inci 6 yana buƙatar kimanin megafiksel 2. Cika takardar A4, irin wadda muke liƙawa a wannan bango, yana buƙatar kusan 9. Ke nan waya mai megafiksel 12 ta wadatar. Abin da ya fi ɓata hoto shi ne ƙarancin haske, rawar hannu da datti.

Ku tuna da J.D. 'Okhai Ojeikere, shahararren mai ɗaukar hoto ɗan Najeriya da ya rasu a 2014. Da ƙaramar kyamara Brownie D marar fitila ya fara a 1950, kuma hotunansa na kitson mata sun zaga duniya.

Gyaran da ba ya cin ko sisi

1. Ku goge gilashin kyamara da ƙyalle mai laushi, musamman lokacin hunturu da ƙura take yawa.
2. Ku ɗauki hoto da hantsi ko bayan la'asar. Da tsakar rana, ku kai mutum inuwa.
3. Haske ya faɗi a fuskar wanda za a ɗauka, kada ya kasance a bayansa.
4. Ku matsa kusa maimakon zuƙowa da yatsa, domin a yawancin wayoyi zuƙowa yanke hoton kawai take yi.
5. A WhatsApp, ku tura hoto a matsayin fayil don kada a rage masa inganci.

In kuɗin kaɗan ne

Ku fara da sandar ɗora waya mai ƙafa uku, ita ce maganin rawar hannu. Farin kwali kuwa, idan aka riƙe shi a gefe, yana mayar da haske kan fuska. Wanda yake da babbar kyamara, canza mata gilashi ya fi canza ta gaba ɗaya. Gilashin 50mm f/1.8 yana cikin masu araha, kuma yana shigar da haske kusan ninki 10 na gilashin 18-55mm idan an zuƙo shi har ƙarshe.

In za a sayi ta hannu

Ku tafi kasuwa da babban da ya san harkar. A haska gilashin da tocila a duba ko akwai ƙarzuwa ko fumfuna. A ɗauki hoton farar takarda a ga ko tabo zai fito. A gwada batir da caja a gaban mai shago, a tambayi adadin hotunan da kyamarar ta taɓa ɗauka, sannan a karɓi rasit. Kaya mai arhar banza kuma babu rasit, wataƙila na sata ne.

Jan kunne

Muna maƙwabtaka da sansanin sojojin sama da kuma makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA da ke Afaka. Kada ku ɗauki hoton ƙofofinsu ko shingen bincike. A tashar Mando ko cikin unguwa, ku nemi izinin mutum tukuna.

Aikin gida: ku ɗauki bishiya guda da hantsi, da azahar, da kuma bayan la'asar. Ku kawo mana hotunan ukun, za mu liƙa waɗanda suka fi kyau a fitowa ta gaba.