Haruffa Masu Ɗigar Jini: Hattara, Masu Zanen Fosta

Masu haɗa fosta da bangon littafi a shagunan kwamfuta na Rigachikun, ga wata 'yar shawara. In aka kawo muku fim ɗin aljanu ko labarin mayu, ba laifi ku ɗauko haruffan nan masu ɗiga kamar jini, irin su Nosifer da ke kyauta a Google Fonts. Amma ku tsayar da su a kan sunan fim kaɗai. Ranar haskawa da wuri da lambar waya a rubuta su da haruffa tsararru, domin direban da ke shararawa a hanyar Zariya kallo ɗaya zai yi wa allon.

Babbar matsalar kuwa, yawancin waɗannan haruffa ba su da ƙ, ɗ da ɓ. Sai ka ga ɗan akwati fanko a tsakiyar suna, ko wani baƙon harafi siriri ya faɗo ciki. Ku gwada ukun nan tun farko. In babu, ku zana ƙugiyar da hannu a CorelDraw, sannan ku mayar da rubutun zane kafin a kai wurin bugawa.

Don Allah kada ku sa haruffan nan masu ɗiga a katin biki ko allon kyamis.