Amsoshin Tambayoyinku: Kotu da Gwamnati a Lokacin Yaƙi

Wani mai sauraronmu daga Icirnawa, cikin gundumar Matameye a jihar Damagaram, yana tambaya: idan ƙasa na cikin yaƙi, kotu na iya taka wa gwamnati birki?

To malam, tana iyawa, sai dai ba kullum hukuncin ke daɗewa ba. Lokacin yaƙin basasar Najeriya, gwamnatin soja ta ƙwace dukiyar wani mutum mai suna Lakanmi, ta kuma kafa Doka ta 45 ta 1968 don hana kotuna sa baki. A watan Afrilun 1970 Kotun Ƙoli, ƙarƙashin Adetokunbo Ademola, ta ce dokar ba ta halatta ba, domin gwamnati ta mai da kanta alƙali. Ko wata guda ba a yi ba, gwamnatin soja ta Gowon ta fito da Doka ta 28, ta shafe hukuncin.

A nan gida Nijar ma kun shaida. A 2009, ana cikin dokar ta-ɓaci a Agadas saboda tawayen ƙungiyar MNJ, Kotun Tsarin Mulki ƙarƙashin Salifou Fatimata Bazeye ta soke shirin ƙuri'ar raba-gardamar tazarcen Shugaba Tandja ranar 12 ga Yuni. Tandja ya ɗauki ikon gaggawa, ya rushe kotun kafin watan ya ƙare. A ganinmu alƙalan nan sun yi jarumta. Daga baya sojoji suka kifar da Tandja ranar 18 ga Fabrairun 2010.