Kifin Bakin Teku da Yadda Ake Dafa Shi

Da yawa daga cikinmu a wannan kwaleji mun taso ne da tarwaɗa da karfasa na kogi. To, tun da yake aikin koyarwa yana iya kai mutum Ikko, watau Legas, ko Badagari, na ga ya kamata in yi ɗan bayani a kan kifin teku.

Gaɓar tekun Nijeriya ta kai kimanin kilomita 850. A yammacinta, inda akwai rairayi, masunta sukan ɗauki wani dogon taru cikin jirgi, su bar igiya guda a tudu, su kewaya cikin ruwa kamar baka, su komo da ɗaya igiyar. Sa'an nan mutane su yi layi biyu suna ja, har tarun ya fito. Akan sami shawa, da kuroka, da wani dogo mai haƙora wanda Yarabawa ke kira kuta.

Tambayar da yara suka fi yi mini ita ce, ko kifin teku ba ya bukatar gishiri? Lalle ruwan teku yana da gishiri wajen giram 35 cikin kowace lita, amma naman kifin ba haka yake ba. Kifin yana shan ruwan, yana fitar da gishirin ta inda yake numfashi, watau jan naman nan da ke ƙarƙashin marfin kuncinsa. Saboda haka a sa masa gishiri kamar na kogi. Abin da ya fi na kogi da shi shi ne sinadarin aidin, wanda rashinsa ke kawo maƙoƙo. Don maganin wannan cuta ne aka wajabta sa aidin cikin gishirin ci a Nijeriya a 1993.

In za ka saya, ka je da wuri, ka duba idon kifi. Sabon kamu idonsa garau yake, jan naman nan yana da haske, in ka danna jikinsa da yatsa sai ya komo. Ka kankare ɓawon, ka farke cikin nan da nan, ka yi hankali kada maɗaciya ta fashe, ka wanke yashi sarai. Kada ka bar shi a rana. Shawa da danginsa in suka daɗe cikin zafi, wani dafi yakan taru a namansu, wanda wuta ba ta kashe shi. Wanda ya ci sai fuska ta yi zafi, jiki ya yi ƙaiƙayi, kai ya yi ciwo, sau da yawa kafin awa guda.

Akwai wanda ya fi wannan haɗari, shi ne ɗan'uwan talibambam na teku, mai kumbura ciki in an taɓa shi. Dafinsa ya fi yawa a hanta da ƙwai da fata. Suya ba ta kawar da shi, haka kuma banda. Yakan fara da mutuwar leɓɓa da harshe, daga nan numfashi ya gagara, ba shi kuwa da makari. Ko ka ga wani yana fiɗarsa, kai dai ka bar shi, ka kuma gargaɗi 'yan makarantarka.

Game da dahuwa, a ganina kuroka ya fi daɗi a farfesu. A tafasa ruwa da albasa da attarugu da citta da ɗan daddawa tukuna, sa'an nan a jera gunduwar kifin a ciki, a rage wuta. Minti 10 zuwa 15 ya isa. Kada a sa ludayi a juya, sai dai a ɗan girgiza tukunyar, in ba haka ba ya dagargaje. An san ya nuna in naman ya yi fari har tsakiya, yana rabuwa da ƙashi. Shi kuwa shawa ƙayarsa ta yi yawa, gara a tsaga jikinsa kusa da kusa, a shafa gishiri da barkono, a soya da man gyaɗa har ƙananan ƙayoyin su yi ƙaras. Wanda ya rage, in babu firji, a yi bandarsa a ranar.